Ƙullin Fanke da Farkon Duniya

Ranar wata Laraba ce cikin zafin bazara, shekarar da na shiga aji ɗaya na sakandare a Panshekara. Malam Sabo, malaminmu na kimiyya, ya ɗiga ɗigo ɗaya a allo, ya ce masana na ganin duk sararin nan da taurarinsa ya taɓa zama abin da bai kai ƙwayar gero ba, sannan ya kumbura gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. Abin ya shige ni har ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce, "Malam, kamar ƙullin fanken Innata ke nan?" Malam ya ce na kusa. Amma Rabi, wadda muke zaune gidan haya ɗaya, ta kwashe da dariya ta ce a tashi a gai da Uwar Ƙulli.

Sunan nan ya bi ni har bakin famfo. A wajen carafke a kira ni da shi, a Islamiyya a kira ni da shi. Na daina ɗaga hannu a aji, ni da bakina ba ya rufuwa. Abin da ya fi ƙona min rai, ita ma Rabi fanke uwarta take soyawa a ƙofar majemar Challawa, kusa da kaskon Innata. Kullum da la'asar mu biyu muke ɗaukar bokitan ƙulli a ka, mu kai musu kafin ma'aikata su tashi.

Na yi ta dafa abin a ciki har Allah Ya kawo rana. Uwar Rabi ta kwaɓa ƙullinta ta ajiye a rana, ta shiga sallar azahar. Na ɗauko ƙunshin yis ɗin Inna gaba ɗaya, na haɗa da sukari, na juye a bokitinta, na cakuɗa da hannuna, na mayar da murfi. Muna isa ƙofar majema murfin bokitin Rabi ya ɗaga da kansa. Ƙulli ya gangaro mata ta goshi, ya rufe ido, ya sauka kan hijabi, ga ma'aikata sun fito tuli suna kallo. Na ajiye nawa bokitin a hankali na ce, "Rabi, haka duniya ta fara."

Inna ta zane ni saboda yis ɗinta, uwar Rabi ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Dukan bai dame ni ba, don daga ranar sunan ya koma kan mai shi, ni kuma na koma ɗaga hannu.

Yanzu majemar nan a rufe take, ciyawa ta cinye inda kaskunan suke. Rabi ta yi aure a Haɗeja, ta rasu wajen haihuwa. Har yau ban yi nadama ba, sai dai na so a ce tana nan ta rama.