Amshin Mai Agogo

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma da in'ina ya tashi. Shekara ashirin yana shago ɗaya, gilashi a ido, yana sallamar mutane da yatsa da gyaɗa kai. A gida ni ce bakinsa: ya fara magana, in ƙarasa masa. Amma duk Asabar ɗin ƙarshen wata, da la'asar, sai ya rufe shago ya tafi zauren da mawaƙa ke wasa. Har na fara zargin ko mace ce.

Ran nan na bi shi. Sai ga Yaya a tsakiyar jama'a, kafaɗa da kafaɗa, yana rera amshi tiryan-tiryan, ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Ashe in muryarsa ta shiga cikin muryoyi, harshensa sakewa yake yi. A zauren nan ba wanda ya san yana da in'ina.

Ana cikin haka mawaƙin ya sauko daga dandamali, ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak. Ya miƙa wa Yaya makirfo.

"Babban yaya, kullum ina ganinka a nan. Faɗa wa jama'a, wace waƙa za mu yi?"

Na ga jijiyoyin wuyan Yaya sun tashi.

"Ta... ta... ta..."

Lasifika ta kai muryar har ƙarshen zaure. Wani ya tuntsire da dariya a baya, wallahi da na gano shi da na shaƙe shi. Yaya ya fara waigen ƙofa. Na san halinsa: in ya fita yau, ya fita ke nan, shago kaɗai zai rage masa.

Mai ganga, wani dattijo mai furfura, ko kai bai ɗago ba. Ya buga sau uku, daidai yadda Yaya ya faɗa. Ya jira, ya sake bugawa. Matar da ke gefena ta bi shi da tafi, sai layinmu, sai zauren duka. Yaya ya runtse ido, ya hau kiɗan, ya rera sunan waƙar maimakon ya faɗe shi. Jama'a suka amshe.

A hanyar gida na ce, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa zuwa da ni ba?"

Ya buɗe baki, magana ta maƙale. Na kama bakina da ƙyar, na jira shi.

"Da... da kin ƙa... ƙarasa min waƙar."