Ɗigo Ashirin da Ɗaya

A shekarun da na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Dogon Dawa, ba mu da na'urar auna ƙarin ruwa. Agogon hannu ne kawai da ido. Ledar ruwa guda mililita ɗari biyar ce, robarmu ta ƙarin ruwa kuma ɗigo ashirin ke ba da mililita ɗaya. In ana so ledar ta kai awa takwas, sai in buga lissafi a bayan katin mara lafiya, ya ba ni ɗigo ashirin da ɗaya a minti. Daga nan in tsaya ina murza ɗan makullin robar ina ƙirgawa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Lissafin da ya sha ba ni kashi a makaranta, ga shi ya biyo ni har daji.

Wata Talata da hantsi wani manomi ya kawo mahaifiyarsa a babur. Amai da gudawa sun tsotse ta, ga tsohon ciwon zuciya. Irin wannan jikin yana bukatar ruwa, amma a hankali, in ba haka ba ya taru a huhu. Na ɗaura mata leda guda, na daidaita ɗigon.

"Likita, yaushe zai ƙare?" in ji ɗan nata.

"Sai wajen magariba."

"Kash! Kin san fa hanyarmu. La'asar na wucewa ba mai ratsa dajin nan, ga yara na bari su kaɗai."

"To ku kwana a nan," na ce a gajarce, don ana ta ƙwala mini kira daga ɗakin haihuwa. Lokaci na faɗa masa, ban faɗa masa dalili ba. Wannan ne ke cin raina har yau.

Ban cika awa guda ba na dawo, na tarar ledar ta lafe, babu ko ɗigo. Tsohuwa na zaune tana kokawa da numfashi, kumfa a gefen baki.

"Na ga yana tafiyar hawainiya ne, shi ne na ɗan buɗe masa," ya ce, har da murmushin wanda ya taimaka.

Na jingina ta da matashi, na yi mata allurar janye ruwa. Iskar numfashi kuwa, tukunyarmu ta daɗe babu komai a ciki. Shi yana riƙe da hannunta yana cewa, "Sannu Inna, sannu." Ana kiran azahar ta cika.

Da suka samo motar da za ta ɗauki gawar, ya dawo ya durƙusa a gabana, idanunsa jajur.

"Allah ya saka da alheri, Likita. Kin yi iya yinki. Ruwan ma duk ya shige ta, kwana ne ya ƙare."

Ban sani ba ko tausayinsa na ji, ko kaina nake karewa.

"Haka ne, Malam," na ce.