Ludayi Biyu a Kasuwar Kanan-Bakashe

Ko na manta da komai, ba zan manta da ranar da abokina ya dawo kasuwar Kanan-Bakashe yana depite, wato ɗan majalisa, ba.

Tun muna samari muke bin kasuwannin ƙauye tare daga Tasawa. Shi yana sayen wake da aya, ni ina sayar da gishiri da kanwa, rumfarmu ɗaya. Kowace ranar kasuwar Kanan-Bakashe, in an sallame azahar, wata Bafulatana takan dama mana fura a ƙwarya ɗaya, ta sa ludayi biyu. Haka muka yi furfura, ita kuma ta zama dattijuwa.

Sai jama'a suka matsa masa ya tsaya takara, ya kuma ci, ya tafi majalisa Yamai. Na yi murna har zuciyata, amma 'yan kasuwa suka sa ni gaba. "To Alhaji, yanzu in za ka ga mutuminka sai ka bi layi!" Ina dariya, amma tsoro nake abotar ta ƙare ke nan.

Ran da ya zo godiya, aka kafa rumfuna a ƙofar magajin gari, ga kujeru ga makaɗa. Kasuwa ta watse, kowa ya nufi can. Ni dai na ce ba mai ganina ina leƙe ta bayan jandarmomin da ke gadinsa, na zauna kan buhun kanwata. Bayan azahar sai ga dattijuwar nan da ƙwaryarta, ta ajiye, ludayi biyu a ciki.

"Inna, ɗauke guda," na ce. "Mai shi ya zama babban mutum."

"Babban mutum ba shi jin ƙishirwa?" Ta juya ta yi tafiyarta.

Na kai ludayi baki ke nan na ji an daka mini tsawa daga baya: "Kai, maciyin amana! Ka hwara ba ni?"

Shi ne, cikin shadda mai ƙyalli, jama'a na biye da shi. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya zauna kan tabarmar nan tamu mai yage, daidai gurbinsa. Ya kurɓa, ya ɓata fuska. "Har yanzu ba ka bar cika sukari ba? Mi na ce maka kan haƙoranka?"

Sai na sunkuyar da kai ina ta juya furar, kada a ga idona.

Yau ya gama wa'adinsa, ya dawo ga wakensa da ayarsa. Dattijuwar ta rasu, 'yarta ke dama mana. Abin da na koya ranar shi ne, in mutuminka ya ɗaukaka, kada ka yi saurin ɗauke ludayinsa. Bar masa a ƙwarya, ka ga ko zai zo.