Jar Kwalba da Farar Ƙwaya

Shekara goma sha bakwai ke nan Hannah Philip tana zaune a bayan tagar ba da magani a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Kontagora. 'Yar Rijau ce, aure ya kawo ta gari, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da wannan aiki. Ɗakin bai fi taku huɗu ba. Daga kan kujerarta hannunta yana kaiwa kowace kanta, ba sai ta miƙe ba.

Likitoci sun zo sun tafi, amma takardar magani ba ta sake ba. Ko me ya kawo mutum, layi biyar ne: maganin ainihin ciwon, sai na zafin jiki, da bitamin, da allura, da maganin ƙarin jini a jar kwalba. Mai asibitin ya sha faɗa cewa kuɗin ganin likita ko man janareta ba ya saye, daga tagar Hannah ake biyan kowa albashi. Marasa lafiyar ma haka suke so. Wani likita da ya riƙa rubuta magani ɗaya tal, wata uku ya yi ya tafi, don mutanen ƙauye sun ce bai san aiki ba.

Da yawa ba sa iya sayen biyar ɗin duka. Dokar gidan kuwa, Hannah ba ta da bakin cewa a ɗauki wannan a bar wancan. A kan haka aka kori wadda Hannah ta gada a aikin. Sai ta koyi magana da hannu: wanda ya zama dole takan tura shi daf da yatsun mai saye, sauran ta bar su can baya. Wasu sukan gane.

Malam Ɗantani, wani manomi daga Ibeto, bai taɓa ganewa ba. Hawan jini ke damunsa. Wata uku a jere tana tura masa 'yar farar ƙwayar hawan jini, yana tsallake ta ya ɗauki jar kwalba.

"'Yata, wannan 'yar mitsitsiyar kamar ƙwayar gero, me za ta yi wa ƙato kamata?" in ji shi. "Jar nan ita ke sa ni cin tuwo malmala uku."

Ran da ya zo karo na huɗu, ta dubi lambar awon jininsa a saman takarda, ta ga ta wuce ta watan jiya. Silas, mai karɓar kuɗi a tagar da ke gefenta, yana jin duk abin da ake faɗa. Ta fito da farar ƙwayar kaɗai.

"Baba, jar kwalba ta ƙare."

Silas ya ɗaga kai, ya dubi katan ɗin jar kwalba da ke ƙarƙashin ƙafarta. Ɗantani ya yi 'yan gunaguni, ya biya. Ta zana masa layi ɗaya a kan leda, ta ce, "Guda ɗaya kullum da safe, Baba. Ko ka ji garau kada ka fasa."

Ta sallami mutum biyu, sai ga shi ya dawo yana murmushi.

"'Yata, an dace, akwai jar a kemis ɗin tsallaken titi. Kuɗina ne bai kai ba. Karɓi ƙwayarki, a maido min nawa."

Ba a buɗe ledar ba, don haka Silas ya mayar masa da kuɗinsa. Bayan tsohon ya fita, ya ce a hankali, "Anti Hannah, katan ɗin nan yau ban gan shi ba. Gobe kuwa zan gani."

Ta mayar da ƙwayar kan kanta. Wata takardar ta shigo ta taga, layi biyar.