Kalmar da Ta Ci Mini Ido

Kakata Inna Hari ba ta taɓa jin Turanci ba, ina ganin shi ya sa ta rasu da hankalinta cif. A Unguwar Ya, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara kusa da turken maruƙa, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tura gyaɗarsa cikin toka. Ba ta farawa sai an yi tsit. "Ga ta nan, amma ban da mai surutu," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji ta.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta kura. Wai kura ta laɓe bayan danga, ta ji mata suna cewa jibi za su ci kasuwar Sara. Ta ce, ashe kasuwa ma cinta ake yi, ni ina nan ina fama da ƙashi? Ta daina taɓa komai, har mushen jaki ta tsallake, don ta bar wa kasuwa wuri a ciki. Ranar ta iso tana tangaɗi, ta kafa haƙori a ginshiƙin rumfar mahauta, ga nama rataye a kanta ko kallo bai ishe ta ba. Haƙori ya karye, sanduna suka sauka.

Mukan yi dariya har da faɗuwa. Inna ta nuna mu da kara mai wuta a baki: "Ku yi ta yi, 'yan nema. Magana akuya ce, ba a turke ɗaya take kwana ba."

To, ni na yi elementare har aji huɗu, kuma kowa ya san ba a yi mini tafinta. Bara yanar ido ta rufe mini na dama, ta fara lallaɓa na hagu. Aka ce wata likitar ido ta zo Birnin Kudu, ba ta jin Hausa, kuma ba daɗewa za ta yi ba. Ta duba ni, ta ce za a yi aiki, amma sai an auna sukarin jinina da safe. Ta ce, "Baba, tomorrow, fast." Nas ta buɗe baki za ta fassara, na ɗaga mata hannu. Fast? Kalmar da malaminmu ya cusa mana da bulala? Sauri ke nan.

Da sassafe na sa matata Ladi ta ɗumama tuwo, na kora da koko, na hau acaɓa. Ni na fara isa.

"Baba, ba ka ci komai ba dai ko?" in ji nas.

"Na ci, kuma fast na ci."

Ta riƙe baki. "Azumi aka ce maka, Baba."

Ranar ce ta ƙarshe ta aikin. Na dawo gida da yanata da tuwona.

Jikata Zainab 'yar sakandare ta ƙara mini takaici: wai barci mai nauyi ma fast ne, abin da aka ɗaure tamau ma fast. Jama'a, ku yi mana shari'a. Mai gudu fast, mai azumin da ko miƙewa ba ya iyawa fast, mai minshari fast! Mutanen da suka ƙera jirgin sama sun kasa ƙera kalma huɗu?

"Tsoho, ku kuma 'ci' fa?" in ji ta. "A ci tuwo, a ci amana, a ci sarauta."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da ta fita na tuna tatsuniyar nan. Tun ina yaro na ɗauka kwaɗayin kura Inna ke ja mana kunne a kai. Ashe kurar nan ba jahila ba ce, ta san kalmar sarai, ma'ana ɗaya dai ta riƙe, girman kai ya hana ta tambayar saura. Ita ta je da yunwa inda ake so a ƙoshi, ni na je a ƙoshe inda ake so da yunwa.

An ce likitar za ta dawo bayan girbi, in hagun ya jira ta. Kafin nan kamar ta cikin hayaƙi nake ganin Ladi. Na yi mata kukan haka, ta ce in bar shi kawai, rabon da in ce ta tsufa tun kafin yanar.