Fitilar Motar Kafil Ta Ƙi Wanka

Ranar wata Alhamis da la'asar, shekarar da na shiga aji huɗu, ina saman bene ina kwashe shanya na hango Baba ya shigo lungunmu na unguwar Ulaisha a Riyad da motar kafil ɗinsa, Balaraben da yake yi wa tuƙi a Badi'a. Ko gida bai shigo ba ya ɗaga bonet. Motar tana da wasu 'yan bututu a ƙarƙashin fitilun gaba, masu leƙowa su fesa wa fitila ruwa su koma. Da safe kafil ya so ya burge baƙonsa da su, ya ja sandar ruwa ta jikin sitiyari, gilashin gaba ya jiƙe, fitilu ko ɗigo. Da yake Baba ya wanke injin da tiyo ranar Laraba, nan take laifi ya hau kansa. "In Asabar ta yi bai gyaru ba, ka manta da iƙama," in ji kafil. Takardar zamanmu ke nan, mu biyar, kuma ta kusa ƙarewa.

Baba ya koyi wayarin ɗin mota a Maraɗi kafin ya zo, don haka ya bi abin daki-daki. Ya cika tankin ruwa. Ya zare fiyus ya duba, lafiya lau. Ya musanya rile, ɗan akwatin da ke sakar wa famfon ruwan wuta, da na hon, hon ya yi ƙara, famfo shiru. Da ya jawo waya daga batir kai tsaye, sai ruwa ya feso masa a fuska. Ashe famfon garau yake, wuta ce ba ta isowa. Ni aka ɗora a kujerar direba ina jan sanda duk lokacin da ya ce "Ja!" Tsoro ya kama ni sosai. Inna kuwa tana taga tana jan carbi.

Gajiya ce ta sa na ciro littafin motar daga akwatin gaba. Na Larabci ne, Baba bai taɓa buɗe shi ba, don Larabcinsa na kasuwar Batha ne, na ciniki da gaisuwa. Ni ko a gida da Balarabiya ake tsokanata, saboda Hausata gurguwa ce. Na sami shafin, na gane shi sarai, amma kalmar "kunna" ta ɓace mini ɓat. Na leƙo na ce, "Baba, littafi ya ce ba a wanke mata ido tana barci."

Ya buɗe baki zai yi mini tsawa, sai ya tsaya cak. Ya miƙo hannu ya murɗa makunnin fitila, ya ce in ja. Bututun nan suka leƙo, ruwa ya tashi feshi! Ashe motar ba ta sakar wa famfo wuta sai fitilu na kunne, daga kafil har Baba kuwa da rana suka yi ta gwadawa, a kashe. Baba ya zauna daɓas a kan kwalta yana dariya yana hamdala, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ranar Asabar ya kai motar ya ce, "Tal umrak, ranka ya daɗe, ta gyaru," bai ƙara ko kalma ba. Aka sabunta iƙama.

Yau ni ma ina tuƙi a Riyad, kuma in mota ta yi gardama na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta da kanta. Baba ya koma Maraɗi, tsufa ya zo, sai a waya nake jin muryarsa. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi gaya wa kafil cewa rashin sanin nasa ne. Ya ce, "In gaya masa in ci me? So nake ki gama makaranta." Na gama kuwa, sai dai har yau ban yi masa godiyar da ta kamata ba.