Sondar da ta raba tsoho da makullinsa

Na daɗe ina gyaran injinan sola a Buza. Yawancin ayyukan sun shige mini duhu, amma na wani ƙauye bayan Tabotaki ba zai bar raina ba har in mutu.

Famfon forajinsu, wato rijiyar burtsatse, shi ne ya riƙa ɗaukewa da rana tsaka, ga albasa tana neman ruwa. Wani mai gyara ya riga ni zuwa, ya auna akwatin da ke juya wutar pano, wato faifan sola, ya ba famfo, ya ce lafiyarsa lau, hannun mutum ne. Sai kwamiti ya karɓe makulli daga tsohon da ke kula da wurin, wai shi ke taɓe-taɓe. Famfo bai fasa ɗaukewa ba, shi ne aka kira ni.

Na isa a galabaice, babur ya gama jijjige ni, ga zafin bazara. Wutar akwatin nan mai kisa ce, ba a kai mata wayar awo ta kullum. Sai sonda mai baki biyu, wadda ke zana bambancin wutar da ke tsakaninsu a gilashin na'urar awo, osiloskop. Wadda aka yi awon farko da ita tana nan cikin kayan kwamiti. Na auna da ita, zane ya fito sumul. Na auna da tawa tsohuwa, sai tsalle yake.

Shugaban kwamiti ya ce, "To wace za mu gaskata? Tamu ce sabuwa."

Wallahi ba ni da ƙarfin gardama. Na ɗora bakin kowace sonda duka biyu a waya guda. Tunda ba bambanci, dole layi ya kwanta. Tawa ta kwanta. Tasu ta ci gaba da zanenta mai kyau, ashe baki ɗaya ya tsinke ta ciki. Akwatin ne zafi ya cinye wa wani sashe, na canza shi, ruwa ya taho.

Muka je wurin tsohon, muka tarar da shi yana gyaran rumbu. Shugaba ya faɗa masa sondar ce ta yi ƙarya, ya miƙa masa makulli, tsohon bai ko karkaɗe hannu ba. Ni ya duba.

"Ɗana, sannu da wahala. Abin ga ƙarya yay yi, an tsaya an gwada shi. Ni gaskiya niy yi, ba wanda ya tsaya."

Bai karɓa ba. Na koma Buza jikina a mace.

Tun ranar, komai gajiyata, ba na auna wuta sai na fara gwada abin awon. Na ga yadda wayar da ta tsinke take zubar da mutuncin dattijo, kuma wannan ba ni da kayan gyaransa.